Ayarin Kekuna Cikin Duhu: Tsakanin Tirela da Ɗan Bindiga a Hanyar Karfi

Direban da ya taso daga Funtuwa bayan magariba ya nufi Malumfashi a watannin kaka, da wuya ya wuce Karfi bai tarar da ayarin masu kekuna a gabansa ba. Wani lokaci 'yan ƙwadago ne su bakwai ko goma da suka wuni suna karyar masara, wani lokaci ɗaliban makarantar dare ne, ko abokan ango da suka kai gaisuwa wani ƙauye, ko matasan da suka fito daga gidan kallon ƙwallo, domin a watannin Nuwamba da Disamba manyan wasannin Turai na tsakiyar mako sai ƙarfe tara na dare ake take su, ba a tashi sai wajen sha ɗaya. Abin da ya haɗa waɗannan ayarori duka shi ne rashin haske. Direba ba ya ganin su sai ya zo dab da su, kuma abin da idonsa ke fara kamawa shi ne farin buhun da aka ɗaure a kariya, ko dugadugin da ke juya feda.

Abu ne mai sauƙi mai kallo daga cikin mota ya kira wannan ganganci ya wuce. Amma da yawa daga cikin masu kekunan nan suna da tocila a aljihu, kuma kusan kowace wayar hannu tana da tata fitilar. Da gangan suke barin su a kashe. Mutumin wannan yanki ya koyi cewa haske a daji da dare shela ce, yana gaya wa na ɓoye cewa ga mutane nan tafe, ga yawansu, ga inda suka dosa. Saboda haka mai keke yana tsakanin tsoro biyu: in ya kunna, yana jin ɗan bindiga zai hango shi, in ya kashe, tirela ba za ta gan shi ba. Ya zaɓi duhu domin tsoron farko ya fi yi masa girma a zuciya. Wannan zaɓi kuskure ne a kan kwalta, kuma akwai hanyar fita daga cikinsa wadda ba ta buƙatar a raina ko ɗaya daga cikin tsoron biyu.

Ya kamata a fara tuna yadda keke ya dawo. A da shi ne abin hawan malamin makaranta da malamin gona da ɗan kasuwar ƙauye, har kamfanin Raleigh ya kafa masana'antarsa a Kano, kuma a zamanin En'e keke lasin gare shi kamar kowane abin hawa. Keken wancan zamani yakan zo da kayansa cif: dainamo da fitilar gaba, jan madubi a baya, ƙararrawa, da farin fenti a wutsiyar ƙarfen da ke rufe tayar baya. Daga baya babur ya ture shi, aka jingine kekuna a zaure yara suna koyo da su. Abubuwa biyu suka fito da su. Na farko shi ne dokar tsaron da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen watan Agusta na 2021, wadda ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. Na biyu, wanda ya fi tasiri, shi ne janye tallafin mai da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Manomi ya koma zaure ya kakkaɓe keken mahaifinsa, ko ya sayi na hannu. Sai dai keken ya dawo tsirara: dainamo ta mutu, jan madubin ya fashe tun tuni, birkin baya ya zama silifas ɗin da ake dannawa a kan taya. Hanyar da ya dawo ya tarar kuma ba irin wadda ya bari ba ce. Funtuwa mahaɗar manyan hanyoyi ce, ta Zariya da ta Gusau da ta Katsina, kuma a kaka manyan motoci ke kwasar masara da waken suya da auduga daga wannan yanki dare da rana.

Lissafin haɗarin ba mai wuya ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da direba ya ga abu zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, daƙiƙa ɗaya da rabi kan wuce, wato ya riga ya ci mita 33 bai rage komai ba. Ƙaramar mota mai lafiyayyen birki a busasshiyar kwalta tana buƙatar kusan wasu mita 36 kafin ta tsaya cak. Jimla ta kusa mita 70. Fitilar mota kuwa, idan an rage ta kamar yadda ake yi in wata motar na tahowa, ba ta haska abin da ya wuce mita 50 zuwa 60 da kyau, kuma mutumin da ke sanye da tufa mai duhu sai an matso fiye da haka ake rarrabe shi da inuwar gefen hanya. Ma'anar wannan ita ce, direban da bai yi barci ba, bai sha komai ba, motarsa kuma lafiya lau, yana iya buge mai keke ba tare da ya sami damar tsayawa ba. Wannan a ƙaramar mota ke nan. Tirelar da ta yi lodin buhunan masara har sama, nisan tsayawarta ya fi haka nesa ba kusa ba.

Babban abin da ke ruɗin mai keke shi ne yana haɗa gani da a gan shi. Shi yana hango fitilun mota tun daga nesa, hasken ya dallare masa ido ko ya jefa inuwarsa a gabansa, sai ya ɗauka lallai direban ma ya gan shi. Binciken da Joanne Wood da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Fasaha ta Queensland da ke Ostireliya ya nuna cewa masu kekuna kan ɗauka ana hango su daga nisan da ya zarce ainihin nisan da direbobi ke gane su. Farin wata ma yana ƙara wannan ruɗu. A daren sha huɗu ga wata mai keke yana ganin kowane rami a hanya, har yana jin kamar rana ce. Amma idon direba ya saba da hasken fitilarsa da na motocin da ke fuskantar sa, farin wata bai ƙara masa komai ba. Daren da ayari ya fi sakin jiki shi ne daren da ya fi bajewa a tsakiyar titi.

Akwai kuma abubuwan da suka keɓanci lokaci da wuri. A wannan yanki almuru gajere ne. A watan Nuwamba rana kan faɗi wajen ƙarfe shida, kuma kafin minti 25 duhu ya rufa, daidai lokacin da 'yan ƙwadago ke kan hanyar gida, daidai kuma lokacin da direbobi da yawa ba su kunna fitila ba tukuna domin suna ganin da sauran haske. A watan azumi sai a ƙara da gaggawar buɗa-baki. Daga Disamba hazo ya sauka, hasken mota ya riƙa komowa idon direba. Sannan ga shanya. Gefen kwalta, wanda shi ne mafakar mai keke, a kaka yakan zama wurin shanyar masara da barkono, a tokare da duwatsu da itace don kada mota ta taka. Mai shanya ya kwashe hatsinsa da yamma ya bar duwatsun. Mai keken da ya san da su dole ya shigo cikin titi, wanda bai sani ba kuma ya ci karo da su ya faɗi, faɗuwar kuma ta ɓangaren mota ce sau da yawa. Haka amalanken shanu da babu ko ƙyalli a bayansa, haka motar da ta lalace aka jera mata ganye.

An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a kan wannan karin magana ne masu kekuna ke dogara idan suka jira juna domin su tafi tare. A gaban tirela maganar ba ta aiki. Mutum ɗaya a kan keke yana kasa kunne, yana waiwaye, yana sauka daga kwalta in ya ji rugugi. Mutum goma kuwa hira suke yi. Ana musun ƙwallo ko na kuɗin aiki, sai a jeru uku-uku domin kowa ya ji, kowa kuma ya bar wa ɗan'uwansa aikin sauraron baya. Matasa kan ɓarke da tsere, ayarin ya tsinke, ƙaramin yaro ko mai tsohon keke ya rage shi kaɗai a baya, wato a wurin da mota ke fara isowa. Wanda aka goya a kariya rigarsa ta rufe ɗan madubin da ya saura. Mai ɗaurin kara ya gicciya shi, faɗinsa ya kai na rabin mota. Idan ma an kunna haske, akan kunna shi ta hanyar da ke ƙara ruɗani: biyu da suka jeru da tocila ɗai-ɗai, daga nesa kamar mota guda ce da ke can da nisa, wanda ya juya farar tocila baya kuma ya sa direba ya ɗauka wani abin hawa ne ke tahowa a hannunsa. Su ma masu kekuna sukan faɗa irin wannan tarko, su hango mota mai ido ɗaya su ɗauka babur ne, su bar mata wurin babur.

Duk wannan ba ya nufin tsoron ɗaya ɓangaren ƙirƙira ne, kuma wanda zai yi wa mutumin Karfi wa'azin fitila ba tare da ya amsa wannan ba, ɓata bakinsa yake yi. A daren 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi. Kwana takwas bayan haka, ɗaliban Islamiyya kimanin 80 na garin Mahuta da ke ƙaramar hukumar Dandume suka faɗa hannun 'yan bindiga da dare a hanyarsu ta komawa gida daga taron Mauludi, sai da jami'an tsaro da 'yan sa-kai suka bi sawu aka kuɓutar da su. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Funtuwa da Malumfashi. A ranar 19 ga Agusta, 2025 kuma aka afka wa masallata suna sallar asuba a Unguwar Mantau, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, aka kashe mutane da dama, Allah ya jiƙan su. Mutumin da ya rayu cikin waɗannan shekaru yana da hujjar ƙin haske.

Amma abin da ya faru da ɗaliban Mahuta yana ɗauke da darasi biyu da suka shafi ayarin kekuna kai tsaye. Yawa bai hana a tare su ba. Abin da ya taimaka shi ne an san da fitarsu, labari ya isa da wuri, aka bi baya tun sawu bai huce ba. Sannan a duba abin da duhu ke saya wa mai keke a kan babbar hanya. Wanda ya yi kwanton ɓauna a bakin kwalta ba ya jiran ganin tocila: yana jin hira da ƙarar sarƙa, kuma kowace motar da ta wuce tana haska masa duk abin da ke kan titi. Ɓoyon da kashe fitila ke bayarwa a nan kaɗan ne, farashinsa kuwa ana biyan sa a kowane dare, domin ɗan bindiga wata rana yake fitowa, tirela kuwa kullum tana hanya. A hanyar ƙasa da ke ratsa gonaki, inda mota ba ta bi, lissafin ya sha bamban, kuma mutanen wurin sun fi kowa sanin lokacin da ya dace a tafi shiru cikin duhu. Magana a nan ta kwalta ce.

Akwai haɗari na uku da ba a cika ambata ba. Tun da aka ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar a watan Oktoba na 2023 a ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, ga kuma 'yan sintirin da kusan kowane gari ya tanada wa kansa, mashigar ƙauyuka da dare tana hannun mutanen da ke riƙe da makami, waɗanda ba su yi barci ba, kuma aikinsu shi ne zargin duk abin da ya motsa. A sa kai a matsayin mai gadin da ya ji motsin mutum goma sha biyu suna tahowa cikin duhu, babu haske, babu sallama, babu wanda ya gaya masa da zuwansu. Ayarin da ya ɓuya daga ɓarawo ya ɓuya ne har daga mai tsaron garinsu, kuma kuskuren daƙiƙa ɗaya a irin wannan wuri ba ya gyaruwa.

Mafitar tana liƙe a bayan tirelar da ake tsoro. Sitikar nan mai ƙyalli, ja da fari ko ruwan ɗorawa, da ake mannawa a jikin manyan motoci, ba ta da hasken kanta. An yi ta ne da ƙananan ƙwayoyin gilashi ko 'yan mitsi-mitsin kusurwoyi da ke mayar da haske zuwa inda ya fito. Idan fitilar mota ta sauka a kanta, hasken yana komawa wajen direban, ya gan ta tana walƙiya tun daga nesa. Wanda ke tsaye a gefe cikin gona ba ya ganin wannan walƙiya yadda direba ke ganin ta, kuma da zarar motar ta wuce, sitikar ta koma baƙa kamar sauran dare. Ba ta cin batir, ba ta mutuwa a tsakiyar hanya, ba ta kuma yi wa kowa shela daga nisan kilomita. Gaskiya ne wanda ya haska tocila kai tsaye zai gan ta, amma wanda ya matso har ya haska tocila ai ya riga ya ga mutum.

Inda za a manna ta ma yana da muhimmanci, kuma a nan ilimi ya zo da abin da hankali bai zata ba. A 1973 wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Suwidin mai suna Gunnar Johansson ya ɗaura 'yan ƙananan fitilu a gaɓoɓin mutum ya ɗauki hotonsa yana tafiya cikin duhu. Masu kallo ba sa ganin komai sai ɗigo-ɗigon haske, amma da zarar ɗigon sun motsa, nan take suke gane cewa mutum ne ke tafiya. Idon ɗan'adam a shirye yake ya gane motsin ɗan'uwansa. A kan wannan ne Wood da abokan aikinta suka gina gwajin da suka wallafa a 2012, inda suka tarar cewa mai keken da ya ƙara ƙyalli a idon sawu da gwiwa, direbobi sun gane shi daga nisan da ya zarce na wanda ya sa rigar ƙyalli kaɗai sosai. Sun kuma nuna cewa rigar nan mai launin kore shar ko ruwan lemo wadda ba ta da ƙyalli, da rana take aiki, da dare ba ta fi baƙar riga da wani abin kirki ba. Ke nan ɗan ƙyallen da bai fi faɗin yatsu biyu ba, idan aka ɗaura shi a idon sawu yana hawa yana sauka da feda, ya fi babbar riga amfani. Yana kuma kama ƙafar wando kada sarƙa ta ci. Duk telan da ke kasuwa zai iya ɗinka shi a jikin roba.

Ƙyalli bai ɗauke wa keke fitila gaba ɗaya ba. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda Nijeriya ta shiga a 2018, ta zayyana abin da ake nema ga keke: birki mai aiki, ƙararrawa, jan ƙyalli a baya, farin haske ko rawaya a gaba, da jan haske a baya. Dalilin yana nan: babur ɗin da shi ma ya kashe fitilarsa ba shi da hasken da ƙyalli zai mayar masa, haka motar da ke fitowa daga kwana. Abin da ya dace da halin da ake ciki shi ne ayari ya rage yawan fitilun ba tare da ya rasa su ba. Na gaba ya riƙe fara ɗaya, a ɗaure a kan keke tana kallon ƙasa 'yan taku kaɗan a gabansa, ba a hannu ko a baki ba, ba kuma a goshi tana dallare duk wanda ya kalla ba. Na baya ya riƙe ja. Ko jar leda aka ɗaura a bakin ƙaramar tocila ta wadatar. Dainamo, ga mai ita, tana da aibu guda da ya kamata a sani: da an tsaya take mutuwa, wato a daidai lokacin da mutum ke tsaye a bakin titi yana jiran tsallakawa.

Sauran maganar ta tsari ce, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Fataken da suka yi ƙarnuka suna kai-komo tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja neman goro ba tarin mutane ba ne da suka haɗu a hanya. Ayari yana da madugu wanda maganarsa ce ta ƙarshe, yana da jagaba da ke gaba domin ya san hanya, ana sanin adadin mutane da dabbobi, ana sanin zangon da za a sauka tun kafin a tashi. Abin mamaki ne jikokin waɗannan mutane su hau kekuna su goma sha biyar cikin dare babu wanda ya ƙirga su. Ayarin keke yana buƙatar jagabansa, wanda ya san ramuka da wuraren shanya, yana faɗa da baki ko da ƙararrawa a miƙa wa na baya. Yana buƙatar babba mai natsuwa a ƙarshen layi, shi ne mai jan haske, shi ne mai kunne a baya, kuma ba ya wuce kowa ko da wane dalili. Yara da masu kaya su shiga tsakiya. A ƙirga kai a wurin tashi, a sake ƙirgawa a wurin sauka. Kafin a taso, a buga waya ga mai unguwa ko shugaban 'yan sintirin garin da za a shiga, a faɗi yawan mutane da lokacin isowa, in an kusa kuma a rage gudu a yi sallama da murya.

Layi ɗaya ake bi, a hannun dama, tare da motoci. Wannan na buƙatar nanatawa, domin akwai masu ganin gara su fuskanci mota su gan ta, kamar yadda ake shawartar mai tafiya a ƙasa. Ga mai keke lissafin ya juya. Idan mota na gudun 80 shi yana 15, in hanyarsu ɗaya tana cim masa ne da gudun 65. In ya fuskance ta kuwa sun haɗu da gudun 95, lokacin kaucewa ya ragu, ƙarfin bugu ya ƙaru, ga hasken da zai makantar da shi. Kuma idan ayari ya yi tsawo, a raba shi kashi-kashi, mutum biyar ko shida, da tazarar da tirela za ta iya shiga tsakani. Direban da ya fara wuce dogon layi sai wata motar ta ɓullo masa a gaba, ba shi da wurin komawa sai kan waɗanda yake wucewa. In tayar wani ta sace, kowa ya sauka daga kwalta gaba ɗaya, a yi facin a can ciki, kada a bar shi da alkawarin zai tarar. Hular kwano tana da amfani ga wanda ya samu, sai dai wanda zai zaɓa tsakaninta da gyaran birki, ya fara da birki.

Ba daidai ba ne a ɗora wa mai keke nauyin duka. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ƙiyasta mutuwar mutum miliyan 1.19 a shekara a kan hanyoyi, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu kekuna da babura, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Hanyoyin ƙasar nan an gina su ne kamar mota kaɗai za ta bi. Ko ministan sufuri bai tsira ba: a 2001 Ojo Maduekwe, wanda ke kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, mota ta ture shi cikin kwata a Abuja, da rana tsaka, aka mayar da abin barkwanci maimakon a tambayi me ya sa babban birnin ƙasa ba shi da wurin keke. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan yi gangamin hawan keke a birane albarkacin ranar keke ta duniya, 3 ga Yuni. Masu hawan keke na gaskiya, waɗanda ba don motsa jiki suke hawa ba, suna Karfi da Dayi da Ƙafur da Bakori, kuma watan da suke buƙatar a tuna da su shi ne Oktoba. Ƙungiyoyin direbobi a tashoshin Funtuwa da Malumfashi suna da ikon gaya wa 'ya'yansu su kunna fitila tun faɗuwar rana, su rage gudu a mashigar gari. Masu unguwanni suna da ikon hana barin duwatsun shanya a gefen titi. 'Yan siyasar da ke rabon babura da kekunan ɗinki kuwa, kuɗin babur ɗaya zai sayi sitikar da za ta wadaci kekunan gari guda, illa dai ba ta yin kyau a hoto.

Akwai daren da babu tsarin da zai yi amfani, daren da labari ya zo cewa an ga motsi a daji. A irin wannan dare aikin madugu shi ne ya ce a kwana, kuma ya kamata ya zama al'ada cewa garin da aka je wa aiki ko Mauludi ko biki ya ba baƙi zaure su kwana ba tare da sun roƙa ba. Masu gonakin da ke riƙe 'yan ƙwadago har magariba kafin su biya su, su sani su ne ke tura su cikin almuru. A sallami mutane tun la'asar sakaliya. Masu shirya taron dare su ma su duba lokacin tashi, musamman in akwai yara daga wasu ƙauyuka.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne rumfar mai faci. Babu keken da ke shekara bai je hannunsa ba, kuma maganarsa a kan keke ta fi ta kowane jami'i shiga kunne. In yana da naɗin sitika ɗaya da almakashi, duk keken da ya zo faci sai ya fita da ja a baya, fari a gaba, ɗan yanki a bayan kowace feda, da guda biyu na ɗaurawa a ƙafa, a ƙara 'yan nairori a kan kuɗin facin. Ƙungiyar matasan gari ko kwamitin masallacin Juma'a za su iya sayen naɗin farko su ajiye masa tun watan Satumba, kafin masara ta bushe manyan motoci su fara shigowa.